Matan Satiru: Hukuncin Da Ba A Yanka Wa Wa'adi Ba

A Lolo, can ƙarshen ƙaramar hukumar Bagudo, mace takan ɗauki kwandon albasa ko busasshen kifi a ka, goyo a baya, ta nufi Madekali ta ƙasar Benin da hantsi, ta komo kafin la'asar da sefa da naira ƙulle a haɓar zane ɗaya. Uwarta na wancan gefe, mijinta na wannan, kuma ba ta ɗaukar tafiyar a matsayin fita waje. Layin da take ƙetarewa a Faris aka shata shi, ranar 14 ga Yuni 1898, sa'ad da Ingila da Faransa suka raba ƙasar Borgu tsakaninsu. Illo, inda Faransawa suka riga suka kafa tuta, ta koma hannun Ingila, Nikki da Kandi suka faɗa cikin Dahome, daga baya kuma aka cire Illo daga Borgu aka haɗa ta da masarautar Gwandu. Tun kafin wannan layi mashigin Illo hanyar fatake ce, masu zuwa Gwanja sayo goro. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Zabarmawa da Hausawan wannan yanki sun san tafiya tun kaka da kakanni. Amma akwai wata tafiya dabam wadda mace ba ta zaɓa, ba ta kuma komowa daga gare ta, wadda hukuma ke ɗora mata da sunan hukunci. Ɗaya daga cikin manyanta a tarihin ƙasar Hausa ƙarƙashin Turawa ta auku ne a 1906, kuma wutar da ta jawo ta daga wannan kusurwa ta kogin Kwara ta tashi.

A ƙarshen 1905, a ƙauyen Kobkitanda da ke kudu da Dosso, tsakaninta da kogi, wani malami mai suna Saibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo, ya riƙa wa'azin cewa bayyanar Mahadi ta kusa, kada kowa ya biya haraji ko ya yi wa Nasara aikin tilas. Aka kashe dogaran Faransawa biyu. A watan Janairun 1906 sojojin Faransa da dawakin Zarmakoyin Dosso suka afka wa ƙauyen, Ɗan Makafo ya ƙetara gabas zuwa ƙasar da Ingilishi ke mulki, ya sauka a Satiru, kimanin kilomita 20 kudu da Sakkwato. Satiru ta riga ta yi suna. A 1904 mai garin ya yi da'awar Mahadi, aka kama shi, ya rasu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. Garin ya zama mafakar talakawa da ƙananan malamai da bayin da suka gudu daga gandayen manya. Ranar 14 ga Fabrairun 1906, 'yan kwanaki bayan Babbar Sallah, muƙaddashin Razdan Hillary ya tafi da sojoji kan dawakai don ya kamo shugabannin. Mutanen da ke riƙe da fartanya da gatari da baka suka tarwatsa su. Hillary da mataimakinsa Scott da Laftana Blackwood da sojoji baƙar fata 25 suka mutu, aka kuma ƙwace bindiga mai ruwa. Malam Isa ya sami rauni, bai daɗe ba ya cika. Ranar 10 ga Maris, cikin watan Muharram, 'yan kwanaki bayan cika-ciki, Manjo Goodwin ya iso da sojoji sama da 500, dawakin Sakkwato na biye. Kimanin mutum 2,000 aka kashe, aka ƙone garin ƙurmus, Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake gini ko noma a wurin. An yi wa Ɗan Makafo shari'a, aka sare kansa a kasuwar Sakkwato. Sarkin Gwandu Muhammadu, wanda ƙasar Bagudo ke ƙarƙashin masarautarsa a yau, aka zarge shi da karkata ga Satirawa, aka tuɓe shi, aka naɗa Haliru.

Nan ne yawancin masu ba da labarin ke tsayawa, kamar gari maza kaɗai ke zaune cikinsa. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn, waɗanda suka bi takardun Turawan kansu, sun nuna cewa kusan mata da yara 3,000 aka kora zuwa Sakkwato bayan yaƙin, aka raba da yawa daga cikinsu a gidajen manya. Wanda ya san Sakkwato a watan Maris, sa'ad da hunturu ya janye bazara ta kunno kai, ya san abin da kilomita 20 a ƙafa ke nufi ga mace mai goyo, ko mai tsohon ciki, ko tsohuwar da ke jan jikanta a hannu, kowacce ta baro gawar miji ko ɗa ko ƙane a fili ba wanka ba sutura. Ba a bar su sun yi zaman makoki ba, balle takaba. A littattafan da ake karanta wa ɗalibai akwai sunan Hillary da Blackwood da Scott, akwai Razdan Burdon da Gwamna Lugga, akwai Marafa Maiturare da ya ja dawakin Sakkwato, akwai lambar girma ta CMG da aka ba Sarkin Musulmi saboda biyayyarsa. Har ma an san cewa Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin mulkin mallaka, ya rubuta tambaya a kan yawan kisan da aka yi wa mutanen da ba su da makamin kirki. Matan kuwa adadi ne kawai, layi ɗaya a ƙarshen babi.

Hujjata ita ce waɗannan mata fursunoni ne da aka kora daga ƙasarsu, kuma hukuncinsu ya fi na kowane korarren fursuna tsanani saboda an hana su abu biyu da ko ɓarawon da alƙali ya ɗaure yake samu: wa'adi da suna. Don a ga nauyin wannan, ya kamata a dubi yadda Ingilar nan dai ta yi da nata matan da ta kora. Bayan da Amurka ta ƙwace 'yancinta, Ingila ta rasa inda za ta riƙa zubar da fursunoni, har ta fara leƙen Afirka ta Yamma. An tura wasu zuwa ganuwoyin bakin tekun Gana ta yau a 1782, a 1785 kuma aka yi shawarar kafa musu zango a wani tsibiri cikin kogin Gambiya, aka fasa don tsoron zazzaɓi zai ƙarar da su. Sai aka juya zuwa Ostireliya. Jirage 11 na farko sun isa a watan Janairun 1788, da mata fursunoni kusan 190 a ciki. Wani jirgi mai suna Lady Juliana ya bi baya da mata sama da 200, ya bar Ingila a Yulin 1789, bai isa Sidni ba sai Yunin 1790. Daga nan zuwa 1853 mata kusan 25,000 aka kai, cikin fursunoni kimanin 162,000 da aka kora gaba ɗaya kafin a daina a 1868. Galibinsu 'yan aikin gida ne da talakawan birni, laifinsu satar tufa ko agogo ko 'yan sulalla, hukuncinsu mafi yawa shekara bakwai.

Kada kowa ya ɗauka sun ji daɗi. Ana raba su ne a gidajen masu hali su yi wanki da girki da reno ba lada, kuma mace ita kaɗai a gidan wanda ke da ikon kai ƙararta an san abin da ke iya samunta. Wadda ta yi gardama, ko ta yi ciki, sai a mayar da ita gidan aikin mata, irin na Parramatta kusa da Sidni da aka buɗe a 1821, ko na Cascades a Hobart ta tsibirin Tasmaniya, wanda ya yi aiki daga 1828 zuwa 1856. A can ana aske wa mace kai ƙwal don a wulaƙanta ta. A Parramatta namiji kan zo a jera masa mata ya zaɓi wadda zai aura. A Cascades, wanda aka gina a wani kwari mai sanyi da danshi, uwa takan shayar da jaririnta wata shida zuwa tara, sai a yaye shi da ƙarfi, ita kuma a tura ta ɗaurin wata shida saboda laifin cikin, wanda ya yi mata shi kuwa yana gidansa. Jarirai sun yi ta mutuwa a wannan ɗakin reno har jaridun Hobart suka yi ta kuka. Wanda ya rayu, in ya kai shekara biyu ko uku, sai a wuce da shi gidan marayu alhali uwarsa na da rai. Da yawa kuma sun baro 'ya'ya a Ingila da Ailan, ba su sake ganinsu ba har abada. Wannan ya tabbatar da abu ɗaya da ya haɗa Hobart da Sakkwato: in hukuma ta kori namiji, ƙarfinsa take so, in ta kori mace kuwa, tana ɗaukar ƙarfinta da cikinta da 'ya'yanta gaba ɗaya, hukuncin ya gangara kan zuriya.

Sai dai macen Hobart tana da abin ƙirgawa. Shekara bakwai tana ƙarewa. Kafin ta ƙare ma akwai takardar sassauci da ke ba ta damar yin aiki don kanta, bayanta kuma takardar 'yanci. Tana kuma da shafi a littafi: sunanta, garinsu, kotun da ta ɗaure ta, jirgin da ya kawo ta, tsawonta, launin idonta, tabon da ke hannunta, ko tana da aure, 'ya'ya nawa ta bari, da kowane laifi da aka hore ta a kai. Don tsaro aka rubuta wannan, ba don ƙauna ba, amma rubutu ya kan fi niyyar mai shi tsawon rai. Shi ya sa aka san Susannah Holmes, wadda ta haihu a kurkukun Norwich, aka ƙi karɓar jaririnta a jirgi, wani gandiroba mai suna John Simpson ya ɗauki yaron har Landan ya roƙi minista, aka mayar mata da ɗanta, aka kuma haɗa ta da uban yaron, Henry Kable. An ɗaura musu aure a Sidni a Fabrairun 1788, kuma a shekarar suka kai ƙarar kyaftin ɗin wani jirgi kan kayansu da suka ɓace, kotu ta ba su fam 15, suna fursunoni. Shi ya sa aka san Mary Reibey, yarinyar da aka kama da satar doki, ta isa a 1792, mijinta ya rasu a 1811 ya bar ta da 'ya'ya bakwai, ta riƙe kasuwancinsa har ta zama attajira, yau hotonta na kan takardar dala 20 ta ƙasar. Hukumar UNESCO ta sa waɗannan littattafan fursunoni cikin taskar tarihin duniya a 2007, ta sa gidan Cascades da wasu wurare cikin wuraren tarihi a 2010. Jikan fursuna a can yana iya zama gaban kwamfuta ya ga ranar da aka aske wa kakarsa kai.

Mai musu na farko zai ce kwatancen bai yi ba, domin matan Ingila kotu ce ta ɗaure su, na Satiru kuwa yaƙi ne ya ci su, kuma Satirawan ba salihai ba ne, tun da sun kai wa maƙwabtansu hari sun kashe mutane kafin Hillary ya taso. Harin gaskiya ne, bai kamata a ɓoye shi ba, kuma waɗanda aka kashe a cikinsa su ma 'ya'yan wasu ne. Amma wannan musu ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi. An yi wa Ɗan Makafo shari'a, ko da ta gaggawa ce, aka faɗi laifinsa aka yanke masa hukunci. Matan fa? Laifinsu shi ne zama a garin. An raba su da gida da dangi da ƙasa, wanda shi ne ainihin hukuncin kora, ba tare da alƙali ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu komai ba. Inda babu shari'a babu wa'adi, domin wa'adi alƙali ke yanka shi. Macen da aka shigar cikin wani gida a Sakkwato a Maris na 1906 ba ta da ranar da za ta ce yau na gama, ba ta da takardar da za ta nuna, ba ta ma da garin da za ta koma, tun da an ƙone shi an kuma la'anci mai sake gina shi. La'anar nan ita ce ƙofar kurkukun da aka rufe ta baya.

Musu na biyu ya fi nauyi, kuma mutanen kirki ne ke yin sa. Sukan ce mata 3,000 da yaransu, ba maza, ba rumbu, a farkon bazara, in ba a raba su gidaje ba yunwa ce za ta kashe su. Gidan babba a wancan zamani shi ne gidan marayu, shi ne asibiti. Sukan ƙara da cewa wadda ta zama sa-ɗaka ta haihu da maigida, ɗanta ɗa ne kamar kowa, yana gado, yana iya sarauta, ita kuma ba a sayar da ita, tana samun 'yanci in maigidan ya rasu, abin da ya fi ɗakin renon Cascades mutunci nesa ba kusa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma babu shakka wasu sun faɗa hannun masu tsoron Allah da suka riƙe su da kyau. Amma ciyar da wanda kai ka ƙone masa rumbu ba sadaka ba ce. Taimako yana tambayar mai buƙata ina danginki, ina kike son zuwa, raba ganima kuwa ba ya tambaya. Batun ɗan sa-ɗaka ma, a dube shi ta gefen uwar. Ɗan da ta haifa a sabon gida sunan ubansa yake ɗauka, kirarin gidan ubansa ake yi masa, asalin uwarsa kuma ya zama abin da ba a faɗa. 'Ya'yan da ta zo da su daga Satiru, waɗanda ubansu ya faɗi gaban bindiga, su ba su da wannan kariya ko kaɗan, kuma su ne rabon gidaje ya fi sauƙin rabawa da ita. Tsarin da ya ɗaga ɗa ɗaya shi ne ya shafe gidan da ta fito.

Abin da ya fi ciwo shi ne hukumomin biyu da suka haɗu a kan wannan aiki kowacce ta taka abin da ta ce ta tsaya a kai. Lugga ya shaida wa mutanen Ingila cewa ya ci Kano da Sakkwato a 1903 ne don ya hana farautar bayi. Dokarsa ta soke matsayin bauta a kotunan Turawa, ta ce duk yaron da aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne. Saboda haka Turawa ba za su kira abin da aka yi wa matan Satiru bauta ba. Amma mulkin nasu ya dogara da sarakuna, sarakuna kuma arzikinsu na gandu ne, don haka ba a son bayi su riƙa gudu, musamman mata. An ɗauki sa-ɗaka a matsayin nau'in aure, an kuma ɗauka cewa mace ba ta zama sai ƙarƙashin wani mai riƙo, ta yadda har fansa ta zama hanyar da kuyanga ke sauya hannu a gaban alƙali. Ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, lokacin da budurwar Satiru ta riga ta yi jikoki. Ta gefen Sakkwato kuwa, fiƙihun Malikiyya a fili yake: Musulmin da suka yi wa shugaba tawaye ana yaƙarsu har su dawo, amma ba a bautar da matansu da 'ya'yansu. Mutanen Kabi ba sa buƙatar a tuna musu da Gimbana. A ƙarshen 1803 mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa jama'ar Abdussalami a can, suka koro kamammu, maza da mata da yara, suka bi da su ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka fito suka kwance su. Wannan ne ya kai ga hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Daular da ta fara da kwance kamammun Gimbana, bayan shekara ɗari da biyu ita aka sa ta karɓi kamammun Satiru. Gaskiya ne Attahiru na Biyu Turawa ne suka naɗa shi, kuma bakin bindigarsu na kansa, wanda ya yi jinkiri ma ya ga abin da ya sami Sarkin Gwandu. Wannan yana rage wa mutum laifi, amma bai mayar wa ko mace ɗaya da 'yarta ba.

Akwai kuma masu cewa a bar kaza cikin gashinta. Tone-tonen asali a ƙasar Hausa ba wasa ba ne: yana fasa baiko, yana hana limanci, yana tayar da gaba tsakanin 'yan uba. Wannan tsoro na gaske ne, kuma duk mai bincike da ya shiga gidajen mutane yana nuna yatsa yana cewa kakar wane baiwa ce, ya yi ɓarna, bai yi ilimi ba. Amma mutanen Ostireliya ma sun shafe kusan ƙarni guda suna ɓoye cewa kakanninsu fursunoni ne, iyalai suna ƙirƙiro labarin cewa da kuɗinsu suka zo. Abin da ya sauya tunaninsu shi ne da aka buɗe littattafan aka ga girman laifin da girman hukuncin, sai kunyar ta tashi daga kan yarinyar da ta saci mayafi ta koma kan dokar da ta raba ta da uwarta saboda mayafi. Shirun da muke yi bai kawar da gorin bauta daga cikinmu ba, yana nan ana yin sa a raɗa ranar neman aure. Abin da shirun ya kare kawai shi ne tambayar wa ya kamo ta, da wane haƙƙi. Mace da aka kora daga garinsu tana goye da ɗa ba ta yi abin kunya ba, kuma jikokinta sun cancanci su ji an faɗi haka da babbar murya daga bakin malamai da masu sarauta.

Wannan ba tsohon zance ba ne da ya wuce. A 2016 ƙungiyar Amnesty International ta ba da rahoton mutuwar tsararru a barikin Giwa na Maiduguri, har da ƙananan yara da jarirai da aka tsare tare da iyayensu mata, waɗanda yawancinsu ba a kai su gaban alƙali ba. Yanzu da 'yan bindiga irin su Lakurawa suka addabi iyakokin Kabi da Sakkwato, ranar da za a ce ƙauye kaza na ɓoye su ba ta da nisa a kowane lokaci, kuma in an yi samame maza kan tsere daji, mata da yara ake tararwa a tsakar gida. Tambayoyin da ba a yi ba a 1906 su ne dai za su taso: an rubuta sunanta, wa ya ba da umarnin riƙe ta, har zuwa yaushe, ina aka kai 'ya'yanta.

Aikin neman matan Satiru kuwa mai yiwuwa ne, kuma mutanen iyaka sun fi kowa dacewa da shi, domin labarin a harsuna da ƙasashe ya warwatse kamar yadda danginsu suka warwatse. Takardun lardin Sakkwato suna gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna, har da rajistar bayin da kotuna suka 'yanta. Akwai Gidan Arewa a can, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Abin da Faransawa suka rubuta kan Kobkitanda da ƙasar Dendi yana Yamai da Dakar da Porto-Novo. Ɗalibin Bagudo ko Illo ko Ka'oje da ya tashi da Hausa da Dendi, yana kuma tsintar Faransanci a Segbana da Malanville, yana da makullin da farfesan Landan ba shi da shi. Amma taskar da ta fi duka tana cikin ɗakunan tsofaffin mata, inda namiji baƙo ba ya shiga. An ga misalinta. A 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa, littafin ya fito a 1954, kuma a cikinsa tsohuwa ɗaya ta kawo labarin hare-hare da kamu da fansa, da wa aka kama da yadda aka karɓo shi, filla-filla fiye da rahoton kowane Razdan. Mata ne ke riƙe da lissafin wa ya haifi wa, wa aka ba riƙo, wace ce aka ce ba ta da dangi a gari, wace ce tsagar fuskarta ta bambanta da ta sauran matan gida. Ɗalibai mata na jami'ar Usmanu Danfodiyo da ta tarayya da ke Birnin Kebbi za su iya zama a tabarma su ce Iya, ba ni labarin kakarki, su sakaya sunan gidan, su adana na matar.

Yarinyar da ta yi tafiyar nan daga Satiru zuwa Sakkwato tana da shekara goma ta kai shekara 64 ranar da Nijeriya ta sami 'yancin kai. Jikar da ta yaye a ɗakinta a wajejen 1955, wadda ta kwana a bayanta, ta ji abin da take rerawa a bakin dutsen niƙa da sunan garin da takan ambata in ta yi mafarki, yau ta haura shekara saba'in.